Zaɓen 1964 da Tsohon Bashin Ƙasar Bauchi

Ran Laraba, 30 ga watan Disamba na shekarar 1964, sa'ad da aka ce mutanen Nijeriya su fito su jefa ƙuri'a domin zaɓen wakilai 312 da za su zauna a Majalisar Tarayya a Ikko, akwai wurare da yawa da ba a kafa rumfa ba, ba a kuma ajiye akwati ba, ko dai saboda 'yan hamayya sun ƙaurace wa zaɓen ɗungum, kamar yadda aka yi a Jihar Gabas, ko kuwa saboda hukuma ta riga ta yi shela cewa mutum ɗaya tak ya tsaya, ya kuwa wuce ba hamayya, kamar yadda aka yi a mazaɓu fiye da 60 na Jihar Arewa. Cikin waɗannan kuwa har da mazaɓar Bauchi ta Kudu maso Yamma, wadda mai riƙe da ita shi ne Firayim Ministan ƙasar da kansa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa. 'Yan hamayya sun yi ƙara a lokacin, suka ce sun yi ta kai takardar ɗan takararsu a wannan mazaɓa, amma aka yi ta kama masu tsaya masa ana tsare su har wa'adi ya ƙure. Daga wannan rana zuwa daren da sojoji suka shiga gidan Firayim Minista suka tafi da shi, shekara ɗaya ce da mako biyu. Zuwa harbin farko na yaƙin basasa kuwa, shekara biyu da rabi.

Mutum yakan yi mamaki, me ya kai jam'iyyar da ke da tabbacin rinjaye ga toshe wa abokin takara hanya, a mazaɓar mutumin da ko maƙiyansa sun shaida gaskiyarsa da tsare amanarsa? A ganina, amsar wannan tambaya tana can baya, a ƙarni na 19, cikin yadda aka kafa mulki a ƙasar Bauchi da maƙwabtanta, da yadda aka raba mutane tsakanin masu kai hari da waɗanda ake kai wa. Kafin mu shiga can, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa, inda al'amari irin wannan ya fito fili ba lulluɓi.

A Amurka, ran 6 ga Nuwamba 1860, mutum huɗu suka nemi shugabancin ƙasa: Abraham Lincoln, da Stephen Douglas, da John Breckinridge, da John Bell. Ƙasar tana da mutum wajen miliyan 31, kusan miliyan 4 daga cikinsu bayi ne baƙar fata, waɗanda guminsu ke fitar da audugar jihohin kudu. Tsarin mulkinsu kuma ya tanadi cewa in za a raba kujerun majalisa, a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku, watau ubangiji ya ƙara nauyin ƙuri'arsa da kawunan mutanen da ya hana ƙuri'a. Jam'iyyar Lincoln ba ta ce za ta 'yanta bayin da ke hannun iyayengijinsu ba, iyakar abin da ta ce shi ne ba za a kai bauta cikin sababbin yankunan yamma ba. Amma manyan kudu sun gane cewa in aka hana bauta yaɗuwa, ranar tana zuwa da za su zama marasa rinjaye har abada. Lincoln ya ci zaɓe da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, kusan dukansu daga arewa, alhali a jihohi 10 na kudu ko takardar ƙuri'a mai sunansa ba a raba ba. Tun bai karɓi mulki ba, ran 20 ga Disamba, jihar Karolina ta Kudu ta ɓalle, shida suka bi ta, daga baya suka cika 11. A watan Afrilu 1861 aka buɗe wa sansanin Sumter wuta, aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai 1865, bayan ya ci rayuka fiye da 600,000, shi kansa Lincoln kuma aka harbe shi a cikin watan da aka ci nasara. Abin lura a wannan ƙissa shi ne, zaɓen bai zama shawara tsakanin 'yan ƙasa ɗaya ba, ya zama ƙidayar ƙarfi tsakanin yankuna biyu, kowanne yana ganin faɗuwarsa daidai take da shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa.

To, mu komo gida. Malam Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓo tuta, ya zauna Inkil, kana ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Jihadin da ya yi wa hidima kuwa, wajibi ne a tuna, ɗaya daga cikin manyan koke-kokensa shi ne bautar da Musulmi 'ya'ya ba bisa shari'a ba. Gama abin da ya gaggauta rabuwar Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa shi ne kamun da aka yi wa mutanen Malam Abdussalami na Gimbana, aka biyo da su a ɗaure ta kusa da Ɗegel, almajiran Shehu suka kwance su. Tun kafin wannan da kusan shekara ɗari biyu, Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa launin fata ba ya halatta bauta. Malamai dai sun shata iyaka, sun bayyana wanda ba ya halatta a mallaka. Amma iyakar da suka shata ta bar ɗimbin bayin Allah a waje, watau al'ummun da ba su karɓi Musulunci ba kuma ba su shiga amana ba, ƙasar Bauchi kuwa, ta kudu da ta yamma da ta arewa, cike take da su a kan duwatsu da cikin kwazazzabai: Sayawa, da Jarawa, da Angasawa, da Warjawa, da Butawa, da sauransu masu yawa.

Waɗanda suka karɓi amana suna biyan jiziya a bar su da addininsu da sarakunansu. Waɗanda suka ƙi, ko aka ce sun warware alkawari, sai rani ya yi, dawaki su fita. Daga nan ake samun hannuwan da ke noma rinjin sarakai, da kuyangin gidaje, da abin da ake aikawa Sakkwato na gaisuwa kowace shekara, da kuma waɗanda fatake ke bi da su Kano, daga can a haye da su Hamada zuwa Murzuk da Tarabulus. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a ƙarshen wancan ƙarni bayin da ke cikin Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Mukan so mu ce bautar ƙasarmu ta fi ta Amurka sauƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin bawa yana iya yin murgu ya tara abin fansar kansa, ɗan ƙwarƙwara ɗa ne kuma yana iya hawa gadon ubansa, bayin sarki suna riƙe da sarautu masu ƙarfi, 'yantawa kuwa ibada ce kuma kaffara ce a shari'a. Sai dai duk wannan sauƙi ne da ke zuwa bayan an riga an ƙone ƙauye, an raba uwa da ɗanta, wanda aka bari a kan dutse kuwa bai ga murgu ba, bai ga fansa ba, hayaƙi ya gani, shi ne kuma labarin da ya bar wa jikokinsa. Shehu Abdullahi na Gwandu da kansa, tun ana tsakar jihadi, ya koka da yadda neman mulki da dukiya da kuyangi ya fara rinjayar niyyar da aka fito da ita, har ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka shawo kansa.

Ita ma gardamar wa zai hau, Bauchi ta ɗanɗana ta tun Turawa ba su zo ba. Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, bayan ya shekara 32 a kan gado yana fama da mutanen Ningi, ya bar wa ɗansa Usmanu sarauta a 1877, fada ta koma Rauta. Halilu kuwa, wanda yake ɗan Yakubu ne na cikinsa, bai yarda jika ya sha gabansa ba, gari ya rabu biyu, aka kai ga zub da jini, Usmanu ya nemi gudummawar Sarkin Misau Sale, aka kashe Halilu, amma nasarar ba ta yi albarka ba, domin a 1883 Sarkin Musulmi ya tuɓe Usmanu aka naɗa Umaru. Bayan shekara goma irin wannan ta auku a Kano, ta ma fi muni, sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a 1893, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fita Takai tare da Yusufu, aka yi Basasa har 1895, kowane ɓangare yana kama mutanen ɗayan yana sayarwa, alhali dukansu masu kallon alƙibla ɗaya ne. Ashe ƙofar da aka buɗe domin na waje, ba ta daɗewa na gida ke bi ta cikinta.

Turawa sun shiga Bauchi a watan Fabrairu 1902, suka tuɓe Sarki Umaru. Dokar Gwamna Lugga ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris 1901 ɗa ne. Amma waɗanda ke hannu aka bar su su nemi fansa a gaban alƙali, ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Bayan haka kuma, saboda sauƙin tara haraji, sai suka riƙe tsarin sarauta kamar yadda suka same shi, suka ƙarfafa shi da En'e da baitulmali da 'yan doka da gidan yari, har ma suka sa waɗansu al'ummu ƙarƙashin hakiman da kakanninsu ba su taɓa iya hawa duwatsunsu da doki ba. A 1926 an cire ƙasar Jos da Pankshin daga Lardin Bauchi an yi Lardin Filato, amma Sayawan gundumar Lere suka ci gaba da zama ƙarƙashin masarautar Bauchi. Hari ya ƙare ke nan, amma wanda ke karɓar haraji da wanda ke biya ba su sāke ba.

A cikin wannan gunduma ta Lere, a garin Tafawa Ɓalewa, aka haifi Abubakar a 1912. Mahaifinsa Yakubu ɗan Zala bara ne a gidan Ajiyan Bauchi, hakimin ƙasar, kuma masu rubuta tarihin rayuwarsa da dama sun bayyana cewa gidan ba na sarauta ba ne, na masu hidima ne. Ya yi makaranta a garinsu da Bauchi, ya tafi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo yana koyarwa a Midil ta Bauchi. A wannan lokaci ne, da Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira, sauran marubuta suka kawo labaran yawon duniya da jaruntaka da ban dariya, shi kuwa wannan saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zaɓi ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka kai shi ƙasar Larabawa, da uwar da ta bi sawunsa ta faɗa bauta ita ma, da malamin da ya ƙare yana karantarwa a Rauta, garin nan dai da ya ga basasar Usmanu da Halilu. Ba na tsammanin zaɓen wannan batu katari ne. Mutumin ya san abin da bauta take, ya san ta daga bakin tsofaffin da ya tashi a gabansu, kuma haƙurin da ya ɗora wa jarumin littafinsa shi ne haƙurin da aka san shi da shi har ƙarshen ransa, wanda ya zama adonsa, ya kuma zama, a ranar da ake bukatar gaggawa, abin da ya ɗaure masa hannu.

Birnin Bauchi na shekarun 1940 ya tara mutum uku da da wuya wani gari ya sāke tara irinsu a lokaci guda: Malam Abubakar yana shugaban Midil, Malam Aminu Kano yana koyarwa a ƙarƙashinsa, Malam Sa'adu Zungur kuma, masani mai kaifin harshe da alƙalami, ya komo gida daga Zariya. Suka riƙa zama a wata majalisar muhawara wadda hukuma ta yarda da ita da fari, ta kuma rufe ta sa'ad da tambayoyi suka taɓa albashin sarakuna da asalin mulkin En'e. Daga wannan zaure hanya ta rabu. Malam Aminu da Malam Sa'adu suka tafi a kan cewa talaka ba zai sami sawaba ba sai an rushe ikon En'e, aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Malam Abubakar kuwa ya tafi a kan gyara daga ciki, kuma kada a manta, a cikin wannan wata na Agusta 1950 shi ne ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna, a gaban Turawa da 'ya'yan sarakuna, ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, abin da ba ɗan sarautar da ya yi ƙarfin halin yi. Amma da Jam'iyyar Mutanen Arewa (NPC) ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai ta tsaya da ƙafafun hakimai da dagatai, shi kuma ya zama mataimakin shugabanta, a bayan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello.

Anan ne lissafi ya shigo. Arewa, in ta tsaya dunƙule, ta fi sauran jihohi yawan kujeru in an haɗa su. In kuwa aka ɓalle mata Binuwai da Filato da kudancin Zariya da kudancin Bauchi, rinjayen ya tafi. Mutanen waɗannan wurare, waɗanda mishan ta ba wa da yawansu ilmin boko da addinin Kirista, suka kafa UMBC a ƙarƙashin Joseph Tarka suna neman jiharsu, kuma duk wanda ya saurari hujjojinsu zai ji tsohon labarin dawaki da hayaƙi a ƙarƙashin maganar haraji da kotun alƙali. Hukumar Willink ta zagaya a 1957 da 1958, ta saurari kokensu, ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Jam'iyyun kudu kuwa, Action Group ta Awolowo da NCNC ta Azikiwe, suka gane cewa ba su da hanyar mulkin tarayya sai ta wannan tsaga, suka ƙulla ƙawance da UMBC da NEPU. Shugabannin Arewa su ma suna da nasu tsoron, ba kuma na banza ba: sun ga kudu ta yi musu fintinkau a boko, sun ga ofisoshin reluwe da gidan waya da kantuna cike da 'yan kudu, ba su manta ihun da aka yi musu a titunan Ikko a 1953 ba, sun kuma tabbata cewa in ƙuri'a ta kuɓuce musu, ba su da sauran abin kāre kai. Kowa dai yana tsoron zama bawan wani, a ƙasar da tsofaffinta suka ga bauta da idonsu.

Saboda haka ƙidayar jama'a ta zama yaƙi tun kafin zaɓe. An soke ta 1962, aka sāke a 1963, aka ce ƙasa tana da mutum miliyan 55.6, Arewa tana da miliyan 29.8, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ƙi yarda, ya kai ƙara Kotun Ƙoli bai ci ba, aka raba kujeru: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Yamma ta Tsakiya 14, Ikko 4. (Matan Arewa, ya kamata a ambata, an ƙidaya su wajen rabon kujeru, amma ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970.) Awolowo yana kurkuku tun 1963, an ɗaure shi shekara 10. Jam'iyyu suka dunƙule gida biyu, NNA ta Sardauna da Firimiyan Yamma Akintola, da UPGA ta Okpara da mutanen Awolowo da Aminu Kano da Tarka. A ƙasar Tibi tarzoma ta yi tsanani har aka aika soja. A garuruwanmu kuwa, masu fartanya na NPC suna kiran salama, masu tauraro na NEPU suna kiran sawaba, amma izinin yin lacca a hannun En'e yake, ɗan doka na En'e ne, alƙalin da za a kai ka gabansa bisa zargin zagin sarki ko tayar da husuma shi ma En'e ke biyansa. Ba a Arewa kaɗai aka yi danniya ba, domin a Gabas ma akwai waɗanda suka wuce ba hamayya, a Yamma kuwa abin ya fi ko'ina ƙazanta. Kowace gwamnatin jiha ta mai da jiharta gandu. Amma ta Arewa ce ke yanke hukuncin wa zai mulki tarayya, shi ya sa idon kowa yake kanta.

Da aka gama, NPC ta tashi da kujeru 162 cikin 167 na Arewa. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta kwana biyar ba a san inda aka dosa ba, har aka tuntuɓi shugabannin soja a ji umurnin wa za su bi, suka ce na Firayim Minista. Manyan alƙalai biyu, Adetokunbo Ademola da Louis Mbanefo, suka shiga tsakani, ran 4 ga Janairu 1965 aka sasanta bisa sharaɗin gwamnatin haɗin gwiwa da sāke zaɓe a inda ba a yi ba. Sulhu alheri ne, ba shakka, kuma halin Abubakar na tattausan lafazi shi ya sa ya yiwu. Amma matasan hafsoshi sun ga abu biyu da ba su manta ba, cewa ƙuri'a ba ta iya sauya gwamnati, kuma cewa manya da kansu sun zo ƙofar bariki suna tambaya.

Sauran ya zo da sauri. Ran 11 ga Oktoba 1965 aka yi zaɓen Jihar Yamma, aka murɗe shi a bainar jama'a domin Akintola ya zauna, jihar ta kama da wuta, ana zuba wa mutane da motoci fetur ana cinnawa. A nan ne, duk da ƙaunar da nake yi wa Abubakar, ba ni da yadda zan wanke shi: a 1962, saboda jifa da kujeru a majalisar Badun, gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a wannan jiha, a 1965, ana ƙone mutane da rai, ya ce ba shi da ikon sa baki, domin wanda ke kan kujerar abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne. Ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko a kan batun Rodeshiya, baƙi suka watse, a daren Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin goman ƙarshe na watan azumi, Manjo Nzeogwu da abokansa suka tashi. Aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu a Kaduna, da Akintola a Badun, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammadu da Abogo Largema da Yakubu Pam da Samuel Ademulegun. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Abekuta, aka kawo shi Bauchi ana jajibirin Salla, aka rufe shi a inda hubbarensa yake yanzu ta wajen Ƙofar Ran. Bai bar kamfani ba, bai bar dukiya a ƙasar waje ba, sai gida da gona.

Masu juyin mulkin galibinsu Ibo ne, waɗanda aka kashe galibinsu ba Ibo ba, wanda mulki ya faɗa hannunsa, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo ne, kuma bai gurfanar da su gaban shari'a ba. Da ya kafa Doka ta 34 ran 24 ga Mayu, ya soke jihohi ya haɗe aikin gwamnati, sai Arewa ta ga abin da take tsoro ya tsaya a ƙofa. Aka fito ana kiran a raba. A ƙarshen Mayu aka far wa Ibo a Kano da Zariya da Katsina da Gusau, ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka kashe Ironsi, a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba kuma aka yi kisan da ya fi na farko, Bauchi da Gombe da Jos suna ciki. Waɗanda aka kashe ɗin nan masu kanti ne da kafintoci da ma'aikatan reluwe, irin waɗanda layin dogo ya ƙara kawo mana da ya iso Bauchi a 1961. Ba su zauna shawara da Nzeogwu ba, ba su san hanyar Abekuta ba, suna cikin amanarmu, kuma babu nassi ko al'ada da ta halatta jinin mai amana saboda laifin wani. Ƙiyasin mamatan ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, waɗanda suka gudu Gabas sun haura miliyan. Akwai kuma, alhamdu lillahi, maƙwabta da sarakuna da suka ɓoye mutane suka fitar da su lafiya. Taron sulhu na Aburi na Janairu 1967 bai ɗinke ɓarakar ba. Ran 30 ga Mayu Gwamnan soja na Gabas Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara yaƙi, bai tsaya ba sai 15 ga Janairu 1970, bayan mutuwar da mafi sassaucin ƙiyasi ya sa a 500,000, waɗansu suka kai ta miliyan 2, akasarinsu yara ne da yunwa ta kashe.

Ba wanda ya ɗauki bindiga a 1967 domin a ci gaba da bauta ko domin a soke ta, kamar yadda aka yi a Amurka, kuma dawakin Bauchi ba su taɓa kai hari ƙasar Ibo ba, su ma can suna da tasu bautar da nasu fataken bayi na Aro. Alaƙar ta fi haka ɓoyuwa. Kamar ginin da gara ta cinye azararsa ne, ran da ya faɗi sai a ce ruwan jiya ne. Gadon wancan zamani shi ya bar Arewa da al'ummun da ba a taɓa neman yardarsu ba, shi ya sa riƙe su ya zama sai da En'e, riƙe su da En'e ya zubar da mutuncin zaɓe, zubewar mutuncin zaɓe kuma ta ba masu bindiga hujja.

Wanda ya riƙe ƙasar a shekarun yaƙi, Yakubu Gowon, Ba'angashe ne, asalinsa daga ƙasar Pankshin, Kirista, ɗan mai wa'azin da ya girma a Wusasa, kuma sojojin ƙasa da suka yi yaƙin da yawansu Tibi ne da Angasawa da Bachama da Dakarkari da mutanen kudancin Zariya. Kwana uku kafin shelar Biyafara, ran 27 ga Mayu 1967, ya raba ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama shida, watau abin da Willink ya ƙi bayarwa, abin da NPC ta yi shekara goma tana tarewa, aka yi shi da doka ɗaya a rana ɗaya. Gwamnatocin soja kuma suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e. Bauchi ta shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, ta sami jiharta a watan Fabrairu 1976. Amma a garin da aka haifi Abubakar maganar ba ta mutu ba: a watan Afrilu 1991 rikici ya ɓarke a Tafawa Ɓalewa ya malalo har cikin birnin Bauchi, aka yi hasarar rayuka da yawa, hukumar bincike ta Mai Shari'a Babalakin ta ba da shawarar a ba Sayawa masarautarsu, aka kuma shafe fiye da shekara 30 ana ja-in-ja a kan yadda za a zartar da shawarar da kuma garin da fadar za ta zauna.